Digiri Talatin da Tara

Litinin, 7 ga Afrilu, 1:20 na rana. Kalgo.

Don rubuta sakamakon gwaji na sayi littafin nan, amma tunda ba ni da wanda zan yi wa surutu, shi zai sha. Zafi yau arba'in da uku ne a inuwa. A duk faɗin Kalgo ƙudajena ne kaɗai ke wuni cikin sanyi, ni kuma in raɓa. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Goggo Kulu har gobe in an tambaye ta aikina cewa take, "Khairiyya ai karatun ƙuda taka yi." Mutane su yi dariya, ita ko a jikinta. Kuma gaskiyarta ce. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. An saka wani furotin mai jin zafi a cikin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu. A digiri ashirin da ɗaya lafiya lau yake aiki. Da na tsoma kwalbarsu cikin ruwan ɗumi ta kai talatin da ɗaya, sai furotin ɗin ya cije, ƙwayar ta kasa miƙa saƙo ga ta gabanta. Nakan koya musu tsoron wani wari, in ɗan girgiza su da lantarki duk lokacin da suka shaƙe shi. In na ɗumama su, sai su shige cikin warin nan kai tsaye kamar ba su taɓa saninsa ba. In na mayar da su sanyi, su tuna, su guje shi. Wato abin da suka koya bai goge ba, yana nan, hanyar fitarsa ce ta toshe. Shekara uku ke nan ina kunna mantuwa ina kashewa da ruwan ɗumi, har yanzu tsikar jikina tana tashi in na gani.

Dakta Atiku, mai duba aikina, ya manna doka a bangon ɗakin gwajinmu da jan biro: kada a bar su cikin zafi fiye da minti talatin. In ya wuce haka ba duka ke tashi ba.

Goggo ta kira ɗazu. Baba yana zazzaɓi tun jiya. Gobe zan tafi Gwandu.

Talata, 8 ga Afrilu, 6:15 na yamma. Gwandu.

Na iske shi inda na bar shi, kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, yana kallon bango. Na gaishe shi, na faɗa masa sunana kamar yadda na saba. Shekara uku rabon da ya kira sunan nan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana malamin dabbobi, ya san kowace ruga daga Dalijan har Ceberu, har sunan shanun mutane ya sani, yau ko "ruwa" ba ya iya cewa. Ciwon mantuwa ya kwantar da shi ne a shekarar da na nemi gurbin digiri na uku. Shi ya cike mini rabin takardun, amma bai san na samu ba. Inna ta riga ta rasu kafin nan, Goggo Kulu ƙanwarsa ce ke jinyarsa.

Mubaraka maƙwabciyarmu malamar asibiti ce, ta zo ta gwada jininsa. Ba maleriya ba ce. Tana zargin ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara. Ta kawo kafso, sau uku a rana har kwana bakwai, da farasitamol in jiki ya yi zafi. Ta ce in kwana uku bai sauka ba, sai Birnin Kebbi, ba wasa. Goggo ba ta gane rubutun, ta miƙo mini ledar ta ce, "Ke ta mai boko, riƙe."

Laraba, 9 ga Afrilu, 5:50 na yamma.

Bari in rubuta kafin in fara ƙaryata kaina.

Bayan la'asar jikinsa ya ɗau zafi. Na saka masa ma'aunin zafi a hammata, ina jira ya yi ƙara, sai na ji an ce, "Talatin da tara da ɗigo ɗaya, Khairi. Ba sai kin duba ba."

Na waiwaya ina neman wanda ya shigo. Ba kowa. Baba ne, yana kallona, ni ɗin, ba bangon bayana ba. Ma'aunin ya yi ƙara. 39.1.

Goggo tana tankaɗe, rariya ta suɓuce mata, ta hau salati. Shi kuwa cewa ya yi, "Kulu, mi ya same ki, kamar kin ga kura?" Sannan ya juyo gare ni. "Ƙaƙa maganar gurbin nan, an ba ki?" Muryarsa ce cikakkiya, har da gyaran muryar da yakan yi kafin tambaya. Sai ka ce jiya muka tsaya da hirar.

Na ce an ba ni, Baba, har na kusa gamawa. Na ba shi labarin ƙudaje ina kuka ina dariya, hawaye da majina, ƙatuwa da ni. Ya ce, "Ni na yi shanu, ke kin koma ƙuda. Jikana sai ƙwarƙwata ke nan." Wayyo Allah, Babana!

Lokacin farasitamol ya yi, na ba shi, ya haɗiye da kansa. Bayan minti arba'in gumi ya karyo. Yana cikin ba ni labarin wani bijimi a Dalijan da ya taɓa kora shi har bisa rumbu, ya ce, "sai mai shi yac ce mani," sai ya tsaya. Na jira. Na ce ya ce maka me, Baba? Idonsa ya koma bango. 38.2.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 7:00 na safe.

37.6. Ba kowa.

Alhamis, 6:00 na yamma.

Azahar 38.4, ba kowa. Ƙarfe huɗu da rabi 38.9, idonsa ya fara bina in na gifta, leɓensa yana motsi. Lokacin magani ne, na ba shi. Ya sauka. Ko kalma ɗaya ban samu ba.

Da hannuna na ba shi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, 6:20 na yamma.

Na makara da magani. Awa ɗaya kacal, ina wanki hankalina ya tafi.

A 39.2 ya zo. Minti hamsin muka yi. Ya tambaya ko an gyara kabarin Inna bayan damina. Ya sa na zana masa bututun da nake gwada ƙudaje a ciki, mai reshe biyu, wari a ɗaya, iska zalla a ɗaya. Sai ya yi tambayar da ko Dakta Atiku bai taɓa yi mini ba: su da kansu, lokacin da hanyar ta toshe, sun san akwai abin da suka sani? Na ce ba yadda za a yi a tambayi ƙuda. Ya ce, "Uhm."

Na san karatuna. Mutum ba shi da furotin ɗin nan, ba wanda ya saka masa. Ƙudajena ma rufe musu hanya zafi yake yi, ba buɗewa ba. Ban taɓa karanta abin da zai bayyana wannan ba, kuma abin da aka gani a jikin mutum ɗaya ba hujja ba ne, ko ɗan aji ɗaya ya san haka. Duk na sani. Amma sau biyu ke nan, kuma duka sai da ya haura talatin da tara.

Maganar wanki ƙarya ce. Zaune nake ina kallon agogo.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2:00 na rana.

Ba gwaji nake yi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, 11:30 na safe.

Jiya minti arba'in da biyar. Goggo ta daina zama in ya zo. Da ta ji gyaran muryarsa sai ta ɗauki buta ta zagaya, ko ta shige ɗaki ta saki labule. Yau na tsare ta a bakin murhu. Na ce haba Goggo, ɗan'uwanki ya dawo kina gudunsa?

Ta ce, "Ɗiyata, mutum huɗu niy yi jinya har sunka cika. Na san sauƙin bankwana. Sau guda shika zuwa, a gana, a yahi juna, a tahi. Wanga kuwa kullum bayan la'asar kamar mai tallar nono? A'a. Ni ban san mi na ba, kuma ba ni son sani." Ta tura itace cikin wuta, ta rage murya. "Kin dubi idonai? Ba shi ƙibtawa."

Na yi mata dariya, na ce Goggo ke da camfi sai Allah.

Lahadi, 5:55 na yamma.

Na duba. Cikin minti talatin da takwas sau biyu ya ƙifta.

Litinin, 14 ga Afrilu, 9:10 na safe.

Na kira Dakta Atiku na nemi ƙarin mako guda. Mubaraka ta leƙo za ta wurin aiki, ta ce ya jikin Baba? Na ce da sauƙi. Ta ce kafso fa? Na ce yana cikin jakata. Ta ɗauka amsa ce, ta wuce.

Yaya Sirajuddeen ya kira daga Fatakwal. Na ce zazzaɓi ne, an ba da magani. Ban gaya masa Baba yana magana ba. Da na gaya masa, yau ɗin nan zai kamo hanya, ya zo ya kwashe shi sai asibiti, shi ba ya tsayawa jin bayani. Haka na gaya wa kaina. Ɗaya dalilin kuwa, ba na so a raba minti arba'in ɗin nan biyu. Allah na tuba.

Talata, 15 ga Afrilu, 6:30 na yamma.

Yau bakina ya jawo mini. Na ce Baba, in zazzaɓin ya sauka ina kake tafiya?

Ya ce, "Ba ni zuwa ko'ina. Nan nike."

Ya ce yana jin komai. Kiran salla, dakan Goggo, akuyar gidan maƙwabciyarmu Larai da ke shigowa satar dusa. Yana jin sauro ya sauka a goshinsa, ya san inda hannunsa yake, ya aika a ɗaga, aiken ba ya isa. In an gaishe shi yana amsawa, amsar ba ta fita. Shekara uku. Ya faɗi duk wannan muryarsa ba ta canza ba, kamar yana ba da rahoton garke.

Sai ya ce, "Ran jajibirin babbar salla kina yanke mani akaihwa, kic ce ma Kulu, da ma Allah shi ɗauke shi shi huta."

Na faɗa. Wallahi na faɗa, a hankali, har juya masa baya na yi. Na rasa inda zan sa fuskata. Na kama ƙafarsa ina ba shi haƙuri.

Ya ce, "Ban ji haushi ba, Khairi. Amin nac ce, ba ku ji ba."

Kajin gidan duk sun yi tsit, ko kuwa kunnena ne ya toshe. 39.4. Minti talatin.

Laraba, 16 ga Afrilu, 10:00 na safe.

Ina salla na ji gyaran murya a bayana. Na sallame na je da gudu. 37.9, idonsa a bango. Goggo ta ce ita ba ta ji komai ba.

Yanzu ba na iya wucewa ta gabansa ban yi sallama ba. Ko tari zan yi sai na shiga ɗaki.

Alhamis, 17 ga Afrilu, 12:40 na rana.

Lambar tana hawa. Da a talatin da tara yake zuwa. Jiya sai da ya kai 39.5, kuma minti ashirin da biyu kawai ya yi. Abinci sai loma biyu. Fitsarinsa ya koma kalar shayi. Ƙafarsa ta tasa, in na danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba.

Gobe zan koma ba shi magani. Gobe in sha Allahu, bayan la'asar, in mun gama magana.

Juma'a, 18 ga Afrilu, 6:50 na yamma.

Ya tsaya a 39.2 ya ƙi gaba. Leɓensa yana motsi, murya ba ta fita. Goggo ta tafi gaisuwar mutuwa. Na shiga ɗaki na ɗauko bargon Inna na rufa masa, a watan Afrilu, gumi yana ɗiga daga haɓata. 39.6. Minti goma sha takwas. Na naɗe bargon na mayar kafin ta dawo.

Gobe.

Asabar, 19 ga Afrilu, 1:00 na rana. Kalgo.

Dakta ya kira da sassafe. Jiya an ɗauke wuta, batirin sola ya mutu, kowa ya tafi masallaci bai dawo ba. Akwatin sanyin ƙudaje ya kai talatin da takwas, ya yi awa huɗu a haka. Dole na zo.

Kwalba sittin. Tun jiya da yamma aka mayar da su sanyi. Wajen rabi sun tashi. Sauran suna kwance rigingine a gindin kwalba, ba su mutu ba, ƙafafunsu suna motsi a hankali, motsi iri ɗaya, ba tsayawa. Na ɗebi waɗanda suka tashi na koya musu tsoron wari, na zuba su a bututu. Suka taru a mararraba suka tsaya, ba dama ba hagu. Na ƙwanƙwasa gilashin, ko ɗaya bai motsa ba. Ban taɓa ganin haka ba, kuma ban so na daɗe ina kallo ba.

Na tambayi Dakta kamar mai tambayar karatu, ko zazzaɓi yana iya farkar da ƙwaƙwalwar da ta yi shiru. Ya cire tabarau. Ya ce akan ji labari jefi-jefi na masu mantuwa da ke farfaɗowa na ɗan lokaci, ba wanda ya san dalili. Sai ya ce, "Kwana nawa ke nan mahaifinki yana zazzaɓi?"

Na ce sha huɗu.

"Sha huɗu! Wane asibiti yake?"

Na ce yana gida. Ya nuna mini takardar bango da ƙafar tabarau, ya ce, "Ke kike tsawata wa ɗalibai a kan wannan. Tashi ki tafi ki kai shi yau, bar mini ƙudan."

Asabar, 6:45 na yamma. Gwandu.

Na iso na tarar Goggo tana shafa masa ruwan randa tun azahar, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane. 38.1. Ba kowa.

Na yi mata ihu. Ni Khairiyya na ɗaga wa matar da ta shekara uku tana kwashe kashin ubana murya, na ce wa ya sa ta! Ta ce, "Zahi nig gani, nis sa ruwa. Laihi na?" Ta tsaya tana kallona har na sunkuyar da kai. Sannan idonta ya je kan jakata.

Ban kai shi ba. Yamma ta riga ta yi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, 6:10 na yamma.

Sai a 39.7 ya zo. Littafin nan yana buɗe a cinyata, a shafin baya inda na ja layuka: rana, lokaci, digiri, minti. Ya miƙo hannu, na ba shi.

Ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Ya ce, "Wagga rajista ta yi kyau. Haka nika yi ma garke. Amma akwai gidan da babu. Ina layin magani?"

Na kawar da kai.

"Kwana nawa?"

Na ce tun waccan Juma'ar ban ƙara ba shi kafso ba. Kwana goma. Na jira ya zage ni, so ma nake ya zage ni. Na sha ganinsa yana yi wa makiyaya tatas don sun tsayar da allura a rabi da sun ga saniya ta miƙe.

Ya ce, "Madalla. Kar ki ba ni."

Na ce Baba, cutar za ta shiga jini. Ya ce ya sani, ya fi ni sani, ya ga yadda take ƙarewa a jikin dabba ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Mako guda ina mutum ya hi mani shekara goma ina kallon bango. Kar ki maishe ni can, ɗiyata. Yi mani alkawari."

Na ce ina tsoron Allah. Ya ce, "Ban ce ki kashe ni ba. Ki bar ma Allah ikonai, shi ke nan." Ya riƙe wuyan hannuna, tafinsa kamar murfin tukunya a kan wuta. Idon nan ba ƙiftawa.

Na ce to.

Na ce to, Baba.

Litinin, 21 ga Afrilu, 8:00 na safe.

Na ce to.

Litinin, 5:40 na yamma.

39.9. Minti goma sha ɗaya. Rabi da ni ya yi magana, rabi da Inna. Ya ce tana tsaye bakin randa, in matsa in ba ta wuri. Na matsa.

Laraba, 23 ga Afrilu, 10:00 na safe. Barandar asibiti, Birnin Kebbi.

Jiya bai jira la'asar ba. Ƙarfe ɗaya ya fara karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa har Goggo ta jiyo daga bakin murhu. 40.4. Tun safe ko ɗigon fitsari bai yi ba, leɓensa ya bushe ya tsage. Na zauna kamar kullum, agogo a gefe, biro a hannu. Na rubuta lambar a gidanta. Sai na dubi rubutun, na ga ko karkacewa bai yi ba, tsaf da shi kamar na ranar jarrabawa. Ubana yana mutuwa a gabana, hannuna ko rawa ba ya yi. Abin da ya tashe ni ke nan.

Na ruga gidan su Mubaraka ba takalmi, na yi sa'a ta dawo cin abincin rana. A gabanta da Goggo na zazzage jakata, katin kafso ya faɗo, guda bakwai kaɗai aka ɓalle. Mubaraka ta ɗauka ta juya shi, ta dube ni. Ta ce, "Ke ce fa mai ilimin cikinmu." Ta yi masa allura, ta kira mijinta ya kawo mota, ta ce a yi ta shafa masa ruwa kafin ya iso.

Ni na ɗebo ruwan. Ina matse tsumma ya zo.

"Khairi. Mi kike yi?"

Na ɗora masa a goshi.

"Kin yi alkawari."

Na ce na yi, Baba. Na jiƙa, na matse, na shafa wuyansa da hammatarsa. Ya yi ƙoƙarin ture hannuna, ba ƙarfi. Ya ce Kulu hana ta. Goggo ta riƙe masa hannuwa tana kuka tana salati. Bai yi zagi ba. Roƙo ya yi ta yi, Babana da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Ya ce in bar shi zuwa magariba. Ya ce ko minti goma. Ya ce akwai abin da bai gaya mini ba tukuna. Na san dabara ce, kuma wataƙila ba dabara ba ce. Ban tsaya ba.

A mota kansa yana cinyata. Muna fita gari ya ce, "Akwai sanyi can, Khairi." Daga nan bai ƙara ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, 3:00 na rana. Asibiti.

Likita ya ce cutar ta shiga jini, ta taɓa ƙoda. Da an ƙara kwana ɗaya da ba wannan maganar ake yi ba. Ya tambaya me ya sa aka daɗe haka. Mubaraka ta buɗe baki za ta rufa mini asiri, na riga ta. Na faɗa masa duka, har bargon, Yaya Sirajuddeen yana tsaye, jiya ya iso. Tun lokacin bai yi mini magana ba. Da Goggo ta gaya masa Baba ya yi kwana da kwanaki yana hira, fita ya yi ya zauna cikin mota ya rufe ƙofa. Ba ni da bakin magana. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

37.4. Ana ƙara masa ruwa. Idonsa yana silin.

Asabar, 3 ga Mayu, 9:30 na safe. Gwandu.

Shekaranjiya aka sallame mu. 36.8, kwana biyar a jere. Likita ya ce in ana kula da shi zai iya ƙara shekaru. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce.

Yau da safe Goggo ta dama kunun tsamiya. Duk Asabar ɗin duniya in ina gida ni nake ba shi. Da cokali ya taɓa leɓensa yake buɗe baki, ko wa ya riƙe, ko baƙo ne. Na zauna gabansa, na gaishe shi, na hura, na kai. Bai buɗe ba. Na ɗauka da zafi, na ƙara hurawa, na ɗanɗana, na sake kaiwa. Leɓen nan a haɗe gam, idonsa a bango.

Goggo ta ce kawo. Ta kai, ya buɗe ya sha. Cokali uku. Ta miƙo mini kofin ba ta dube ni ba. Na kai.

Ya rufe.

Sau huɗu muka yi musanya. Na san yadda ake kiran abin da ya maimaita kansa sau huɗu.

Goggo ta ce ƙila hannuna ne ke rawa. Na ajiye kofin, na matsa kusa da kunnensa. Na ce Baba, na san kana ji. Na ce ba zan ba ka haƙuri ba, don in an sake, haka zan sake yi. Na ce Asabar mai zuwa zan dawo da cokalin, da ta bayanta ma.

Sannan na tashi na ba Goggo wuri, don kunun yana hucewa kuma bai ƙoshi ba.